Inda Baba Kati Ya Tsaya

Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah Ya karɓi ran Malam, tsohon ma'aikacin ɗakin karatu na gari, wanda manya da yara suka fi sani da Baba Kati. Ya rasu a asibiti bayan jinyar kwana biyar, yana da shekara saba'in da uku. Ina cikin shagona na ɗaukar hoto, ina gyara wa wata amarya hasken fuska a kwamfuta, autarsa ta kira ni. Ba ta yi dogon bayani ba, ta ce, "Kawu, Baba ya cika." Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma, ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Ni dai ban shirya ba.

Malam, ka fi kowa sanin ni ba marubuci ba ne. Shekara talatin ina aikin hoto, rubutuna bai wuce kwanan wata a bayan takarda ba. Amma akwai maganar da ta tsaya mini a maƙogwaro, kuma wanda ya kamata in faɗa wa ba ya nan. Shi ya sa na zauna na rubuta, in faɗa maka, mutane kuma su ji.

Waɗanda ba su san ka ba za su tambayi inda sunan nan ya fito. Shekara talatin da ɗaya ka yi a ɗakin karatu kana rubuta sunan kowane littafi a ɗan ƙaramin kati, kana jerawa cikin wani dogon kabad na katako mai ƙananan durowa ashirin da huɗu. Da aka kawo kwamfuta aka ce kabad ya gama aiki, aka fitar da shi baranda ana jiran masu kwashe tarkace. Ka roƙa aka bar maka. Ni na taya ka ɗora shi a mota, kuma har yau bayana bai manta ba. Na tambaye ka me za ka yi da wannan ƙaton kaya a gida, ka ce in yi haƙuri, aikinsa na nan tafe. Na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ka.

Aikin ya zo bayan ka yi ritaya. 'Yar ƙanwarka, malamar tarihi a makarantar sakandare, ta zo gaishe ka tana kuka da ɗalibanta. Ta ba su aiki a kan Yaƙin Duniya na Biyu, suka kwaso mata duk abin da suka tarar a waya, gaskiya da ƙarya a kwano ɗaya. Har akwai wanda ya kawo mata hoton da aka ciro daga fim, yana rantsuwa fagen daga ne. Ka ce ta ba ka mako biyu ka tace mata adireshi goma na intanet waɗanda za ta iya tura ɗalibai ba tare da fargaba ba. Mako biyun nan ne suka zama shekara goma sha ɗaya.

Shafin intanet da ka buɗe don jera su ba shi da kyau ko kaɗan, kuma na faɗa maka haka ya fi sau goma. Farin fili ne da baƙin rubutu, babu ado, babu kala. Na ce ka bar ni in ƙawata maka shi, ka ce mai ƙaramar waya ma yana da haƙƙin ya buɗe shi ba tare da ya tsufa yana jira ba. Amma abin da ke ciki, Malam, ban san wani wuri da aka tara irinsa da Hausa ba. Adireshi sun haura ɗari huɗu, kowanne da layi biyu ko uku a ƙarƙashinsa: abin da mutum zai tarar, wa yake ajiye da shi, da wane yare, da kuma inda ya kamata a yi hattara. Ka sa taswirori a farko, saboda ka ce wanda bai san ina ne ina ba, sunayen garuruwa kawai zai haddace. Sai muryoyin tsofaffin sojoji da aka naɗa kafin su mutu, sai wasiƙun da suka aika gida, sai jaridun lokacin, sai rajistocin soja. Ka ware sashe guda ga mata masu jinya da masu aikin masana'anta, da wani ga garuruwan da yunwa ta kashe mutanensu ba tare da an harba ko harsashi ɗaya a cikinsu ba. Manyan hafsoshi da jawabansu ka tura su can ƙasa. Ka ce sun riga sun sami masu faɗar labarinsu.

Ka sa wasiƙun sojojin ɓangarorin yaƙin biyu a jere, kuma wannan ya jawo maka surutu. Wani ya rubuto maka yana cewa kana wanke azzalumai. Ka ba shi amsa a layi uku, ka ce ba ka wanke kowa ba, laifin da aka yi yana nan a sashe na shida da hujjojinsa, amma wanda yake so ya san yadda ake jan talaka zuwa mugun aiki dole ya karanta abin da talakan ya rubuta wa uwarsa. Shafukan da ke ɗora kiɗa a kan hotunan gawarwaki kuwa, ko ɗaya ba ka taɓa sawa ba, komai yawan masu kallonsu.

Kowane adireshi yana da katinsa a cikin kabad ɗin nan, da rubutun hannunka, da ranar da ka fara shiga, da ranar da ka duba na ƙarshe. Ba ka sa adireshi a shafinka sai ka bi shi har ƙarshe, ko da zai ci maka mako. Kowace Asabar da safe kuma sai ka jawo durowa biyu ka aza a tebur, ka danna adireshinsu ɗaya bayan ɗaya ka ga ko suna buɗewa. Kana kiran wannan aiki duba marasa lafiya. In na leƙo in ce mu je shan iska, sai ka ce, "Ina zagayen asibiti, mai hoto, dawo an jima." Wanda ya daina buɗewa sai ka rubuta wa masu shi wasiƙa cikin ladabi, ka ce ƙofarsu ta rufe kuma akwai masu jira a waje. Wata ma'ajiyar takardun tarihi ta ba ka amsa bayan wata takwas, suka gyara, suka yi godiya. Ka buga amsar a takarda ka yi mako guda kana yawo da ita a aljihu, har mai gyaran takalmi sai da ya gani.

Maiɗakinka ta sha cewa mutum ɗaya ta aura, ta wayi gari da sojoji dubu a falo. Tana faɗa tana dariya, tana kuma kawo wa baƙinka ruwa, don falon nan bai taɓa rabuwa da baƙi ba. Na ga ɗalibin jami'a ya zo da girman kai ya fita da kati biyar a hannu yana sunkuyar da kai. Na ga tela ya zo neman yadda rigar soja take a wancan zamani saboda wasan kwaikwayon makaranta, ka zaunar da shi awa biyu har ya san bambancin aljihun soja mai ɗaukar kaya da na mai bindiga. Na ga direban motar haya wanda bai iya karatu sosai ba, ka sa masa muryar wani tsohon direban soja yana ba da labarin tuƙi cikin laka babu fitila, ya zauna yana girgiza kai yana cewa, "Wallahi haka take yi, haka take yi." Ba ka taɓa ce wa mutum tambayarsa ƙarama ce ba. Abin da kawai ba ka haƙuri da shi shi ne a ce maka "an ce", sai ka tambaya wa ya ce.

Yanzu in zo kan tawa, wadda ita ce dalilin rubutun nan.

Inna, mahaifiyata, tana da shekara tamanin da biyu, kuma ba ta taɓa ganin ubanta ba. An ɗauke shi soja a rukunin masu ɗaukar kaya, aka ƙetare teku da su, saura wata biyar a haife ta. Da aka haife ta, kakata ta sa aka rubuta masa wasiƙa, amsa ba ta zo ba. Bayan an gama yaƙi wani da ya dawo ya ce ya ji zazzaɓi ya kashe shi a wani asibitin soja, amma bai san wanne ba, bai kuma san yaushe ba. Abin da ya rage mana wata 'yar takarda ce mai lambarsa ta soja. Tun ina ƙarami nake jin Inna da tambaya ɗaya. Ba kuka take yi da ita ba, takan faɗe ta ne tana ninke kaya ko tana tsintar wake: "Ko ya san an haife ni?" Ba ta tambayar inda kabarinsa yake, ba ta tambayar yadda ya mutu. Wannan kaɗai take so ta sani, kuma shekaru suna ta tafiya.

Shekara uku da suka wuce na ci karo da wani hoto a ɗaya daga shafukan nan masu yaɗa tsofaffin hotuna. Sojoji biyar ne tsaye a gaban tanti, an rubuta a ƙasa cewa masu ɗaukar kaya ne na yaƙi na biyu. Na biyu daga hagu yana da goshin Inna da kunnuwanta, ba ragi. Ni mutumin fuska ne, da ita nake ci, kuma na yarda da idona fiye da yadda ya kamata. Na yanko shi daga cikin 'yan'uwansa, na faɗaɗa, na goge zane-zanen tsufa, na wanke shi a takarda mai kyau, na sa masa gilashi. Na kai wa Inna na ce ga babanki. Ta riƙe shi da hannu biyu, sannan ta sa na rataye shi a bangon da ke fuskantar gadonta. Washegari na taho wurinka ina taƙama, ina jiran yabo.

Ka dubi hoton a wayata, ka ce, "Daga ina?"

Na ce, "Daga intanet mana."

Ka ce, "Intanet hanya ce, mai hoto, ba gida ba ce. Wa yake ajiye da na asalin?"

Ban sani ba. Ka gyara tabarau, ka jawo durowa ta bakwai, ka fara bin hoton daga wanda ya ɗora zuwa wanda ya ɗauko a wurinsa. Ba a yi rabin awa ba sai ga shi a kundin wani gidan tarihi, da lambarsa, da shekararsa. A yaƙi na farko aka ɗauke shi, shekara ashirin da shida kafin kakana ya sa rigar soja. Ka juyo mini da fuskar kwamfutar a hankali, ka ce lokacin da aka ɗauki hoton nan ko cikin kakana ba a ɗauka ba.

Abin da na faɗa maka ranar ina jin kunyarsa har yanzu. Na ce ku mutanen takarda ba ku da zuciya. Na ce tsohuwa ta yi barci da murmushi karo na farko a rayuwarta, wa aka cuta? Na ce ka riƙe katunanka su yi maka amfani. Ka bar ni na gama, ba ka ɗaga murya ba, sannan ka ce, "Ni ba zan je in faɗa mata ba, wannan tsakaninka da mahaifiyarka ne. Amma in ta tambaye ni, ba zan ce shi ne ba. Ka kawo mini takardar nan mai lamba." Na aiko maka da hotonta ta waya don kawai in rabu da kai.

Ta kuwa tambaye ka. Bayan mako biyu ƙafarta ta tashi, ka zo duba ta, ina tsaye a bakin ƙofa. Ta nuna maka bango ta ce, "Malam, kai da ka san waɗannan abubuwa, ba ka ga kama ba?" Ka dubi hoton sosai, ka ce, "Yaya, kama kam akwai ta. Sai dai ni aikina na takarda ne, kama ba ta isata. Ki ba ni lokaci in nemo miki abin da aka rubuta." Ta ce Allah Ya ba ka sa'a, aka shiga wata hira. Ba ka yi mata ƙarya ba, ba ka kuma tona ni ba. Maimakon in gode maka, haushinka ya ƙara kama ni, saboda ka nuna mini akwai hanyar da ni ban bi ba.

Wata huɗu na yi ba na shiga gidanka. In na hango ka sai in tsallaka titi, ni da furfurata. Rannan ina shago sai ga ka ka shigo, ka zauna a kujerar ɗaukar hoto, ka ce ƙaramin hoto na fasfo kake so. Na san ba inda za ka, ko tashar mota ba ka son zuwa. Na kunna fitila, na ce ka ɗaga haɓa. Kana kallon kyamara ka ce, "Littafi na ɗaya ya ƙare, ba ya ciki. Saura goma sha ɗaya." Hoton nan ya fito a karkace, kuma shi ne wanda iyalinka suka zaɓa suka sa a sanarwar rasuwarka.

A ranar na san abin da kake yi tun da na fita daga falonka ina zage-zage. Wata ma'ajiya ta ɗora hotunan rajistocin asibitocin soja a intanet, littafi goma sha biyu, kowanne kusan shafi ɗari huɗu. Rubutun hannu ne na akawu daban-daban, tawada ta koɗe, kuma ba a iya sa lamba a nema, sai dai mutum ya bi da ido layi bayan layi. An haɗa asibitoci da yawa a littafi ɗaya ba bisa tsarin shekara ba, mu kuma ba mu san asibitin ba balle watan. Babu wata gajeriyar hanya. Ka yanka wa kanka shafi uku kowace safiya, bayan karin kumallo, kafin baƙi su fara sallama. In ka gama sai ka rubuta a kati inda ka tsaya.

Na tambaye ka me ya sa uku kawai, ka ce a na huɗu ido yakan fara ganin abin da yake so ya gani. Na san da ni kake. Ga shi kuma ba lambar kakana kaɗai kake dubawa ba. Duk wani mai ɗaukar kaya da ka tarar sai ka kwafe sunansa da lambarsa da ranar mutuwarsa, ka ɗora a shafinka, saboda ka ce ba za ka wuce mutum a kwance ka yi kamar ba ka gan shi ba. Ta haka iyali goma sha bakwai suka sami nasu. Wata mata ta yi tafiyar yini guda don kawai ta gan ka ta yi godiya, ta zauna a falonka tana kuka, maiɗakinka tana ba ta haƙuri. Kowa yana samu, mu ba mu samu ba.

A shekara ta biyu idonka na hagu ya fara yin hazo. Likita ya ce ka rage kallon kwamfuta, autarka, da yake ma'aikaciyar jinya ce, ta yi faɗa har ta gaji. Abin da ka yi kawai shi ne ka ƙara girman rubutun har layi biyar suke cika fuskar kwamfutar, aikin awa ɗaya ya koma na awa biyu. Ni ma na ce ka bari. Na ce wataƙila ma ba a asibiti ya mutu ba, wataƙila littafin da yake ciki ya ƙone tun tuni. Ka ce duk mai yiwuwa ne, amma ka ce wa Yaya ta ba ka lokaci, kuma ta ba ka. Ban taɓa ganin mutumin da ya ɗauki magana ɗaya da ya faɗa a bakin gadon tsohuwa da nauyi haka ba.

Duk lokacin da muka haɗu, in mun gama hira zan tashi, sai ka ce, "Ka faɗa mata?" In ce, "Tukuna." Sai ka gyaɗa kai. Shekara uku muna haka. Na zo duba ka a asibiti kwana biyu kafin rasuwarka, ka tsokane ni cewa na zo babu kyamara saboda na san ba ka yi kyau ba. Muka yi dariya, tari ya sarƙe ka. Da zan fita ka ɗaga yatsa ka ce, "Ka faɗa mata?" Na ce, "Tukuna, Malam." Wannan ce maganar ƙarshe da ta shiga tsakaninmu, kuma da ita zan zauna.

Kwana takwas bayan rasuwarka autarka ta zo shago da kati ɗaya a hannu. Ta ce a kan tebur ta same shi, ƙarƙashin tabaranka. An rubuta: littafi na bakwai, shafi na ɗari biyu da goma sha biyu, a ci gaba daga nan. Washegari da safe na je gidanka, maiɗakinka ta buɗe mini falo, na zauna a kujerarka. Na yi niyyar in karanta shafi hamsin a zama ɗaya, ka san halina. Kafin in gama na uku kaina yana sarawa, lambobi suna rawa, sau biyu na ga lambar kakana a inda babu ita. Na rufe, na rubuta a kati inda na tsaya. Rana ta biyu ma uku na yi.

A safiya ta uku, a shafi na ƙarshe cikin ukun ranar, layi na arba'in da ɗaya, na ga lambar. Na duba 'yar takardar Inna, na duba kwamfuta, na sake dubawa lamba bayan lamba har sau huɗu, na kira autarka ta karanta da nata idon ba tare da na gaya mata abin da nake gani ba. Ita ce. Ga sunansa, ga ranar da aka kwantar da shi, ga zazzaɓi, ga ranar da ya cika bayan kwana goma sha ɗaya. A gefen dama akwai wani ɗan gurbi inda akawu yake rubuta iyalin da majiyyaci ya faɗa da bakinsa. An rubuta: mata ɗaya, 'ya ɗaya.

Shafi tara ne, Malam. Aikin safiya uku. Kwana biyar ka yi a asibiti.

Na buga shafin a takarda kamar yadda yake, ban goge ko ɗigon tawada ba, na tafi wurin Inna. Na durƙusa a gaban gadonta na fara da abin da ya fi wuya. Na ce mutumin da ke bango ba babanta ba ne, na sani tun shekara uku, tsoro ya hana ni faɗa, kuma kai ka sani ka rufa mini asiri. Ta dubi bangon, ta dube ni, ta ce, "Kai dai tun kana yaro gaggawa ce ke cin ka. To, addu'ar da na yi wa bawan Allah ba ta faɗi ƙasa ba, shi ma ɗan wasu ne." Sannan na karanta mata layin. Ta ce in sake. Na sake. Ta sa yatsa a takardar, ta ce in nuna mata daidai inda aka rubuta 'ya, na ɗora mata yatsan a wurin. Ta ce, "Ashe wasiƙar ta je. Ashe ya sani." Tsohuwa mai shekara tamanin da biyu ta yi kuka irin na yarinya, ni ma ban iya riƙe nawa ba.

Da ta natsu ta ce, "Malam ya gani?" Na ce a'a, shafi tara ya rage masa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka, wadda ta yi shekara arba'in da shida tana haƙuri da kai da baƙinka, ga 'ya'yanka huɗu da jikokinka, ga autarka da ta yi jinyarka, da 'yar ƙanwarka malamar tarihi, wadda ta karɓi kabad da shafin, ta kuma fara zagayen Asabar tun makon jiya. Littafi biyar da rabi da suka rage ni zan karanta su, uku uku, saboda akwai sauran mutane a kwance a ciki. Ina kuma yi wa ɗalibai da malamai da duk wanda ya taɓa buɗe farin shafin nan ta'aziyya, ko da bai san fuskar mai shi ba. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Allah Ya gafarta maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi fiye da yadda idonka ya dushe saboda mu, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ni kuma ka yafe mini wata huɗun nan, da duk "tukuna" da na faɗa maka.

Addu'ar ƙarshe ba tawa ba ce, ta Inna ce. Ta ɗaga hannu a ranar, takardar tana kan cinyarta, ta ce, "Ya Allah, mutumin nan ya ƙarar da idonsa a littafin wasu. Ka ba shi nasa a hannun dama."

Amin.